Yadda ake zama da abokin gasa a baje koli ba tare da ka tona wa kanka asiri ba

Duk lokacin da aka buɗe PROMOTE, babban baje kolin kasuwanci da ake yi a Yawunde, kuskure iri ɗaya nake gani wurin yaranmu na arewacin Kamaru. Yaro ya sha hanya a mota daga Garwa zuwa Ngaundere, ya kwana a jirgin ƙasa na Camrail, ya biya kuɗin rumfa mai tsada, sannan ya wuni tsaye gaban jarkokin man gyaɗarsa yana hararar maƙwabcinsa, don kawai shi ma mai yake sayarwa. Ranar tashi ya koma gida da tarin katunan mutanen da ba za su taɓa ɗaga wayarsa ba. Alhali wanda zai fi yi masa amfani a duk harabar Palais des Congrès, inda ake baje kolin, shi ne wancan da ya ƙi yi wa sallama. Shi ne ya san ciwonka, don irinsa ke damunsa: tsadar jarka, motar da ta kwana a hanya, da mai karɓar kaya bashi ya yi ɓatan dabo.

Fara tun a jirgi. Mutanen Marwa da Garwa, har da na Kusiri da Injamena da suka biyo ta ƙasa, jirgin dare na Ngaundere suke shiga, kuma tafiyar ta haura kilomita 600. Kada ka yi kwanciyarka. Riƙe goro ko kilishi ka zaga tarago. A wurina wanda ya sauka Yawunde bai san mutum uku na sana'arsa ba ya yi asarar rabin kuɗin tikitinsa.

In an isa, kada ka je rumfar abokin gasarka da hantsi lokacin da masu saye suka yi masa caa, zai ɗauka ƙwace ka zo yi. Bari sai bayan azahar, ko ku haɗu wurin alwala. Faɗi gaskiyarka tun a gaisuwa: “Alhaji, barka da kasuwa. Ni ma mai nake yi a Garwa, na zo gaishe ka ne.” Masu zuwa da shigar mai saye suna tambayar farashi, ranar da aka gane su shi ke nan, ba sauran yarda. In ya girme ka, kai za ka taka ka same shi. In ka ga ya fi sakewa da Fulatanci ko Larabcin Chadi, bi shi a haka, Faransanci na ofis ne.

Yanzu ga inda ni na faɗi, kuma nan nake so ka tsaya. Zuwana na farko na haɗu da wani ɗan'uwan sana'a, muka ci abinci faranti ɗaya kwana uku. Hira ta yi daɗi, na ji kamar na samu yaya. Daren ƙarshe, muna shan shayi, ya ce, “Ƙanena, kai wa ke ɗaukar kayanka a Duwala?” Na faɗi sunan shagon, na faɗi unguwa, har da nawa nake ba shi jarka. Ya gyaɗa kai, ya ƙara mini shayi. Kafin wata biyu mai shagon ya daina kira. Da na matsa, ya ce ya samu mai ba shi da ragin jaka guda a kowace jarka. Ban yi fushi da mutumin kamar yadda na yi da bakina ba. Bai sace mini komai ba, ni na miƙa masa.

Saboda haka kafin ka bar gida, raba maganarka gida biyu. Abin da ke cin kuɗinku ku duka, wannan a baje shi: ina ake samun jarka da kwali da sauƙi, wane direba ne mai riƙon amana, yaya ake bin takardar ANOR, hukumar ingancin kaya, me duwan, wato kwastan, ke nema a gadar Ngeli in za a tsallaka da kaya Injamena, wa ya ci bashin mutane ya gudu. Abin da ke kawo maka kuɗi kai kaɗai kuwa, wato sunan masu sayenka, farashin da kake ba su, ƙauyen da kake sarin gyaɗa, da yawan bashin da ke kanka, wannan ya zauna a ciki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In ya tambaya, yi dariya ka ce, “Alhaji, wannan ai sirrin tukunya ne,” ka juya zancen kan kuɗin mota. Ɗan kasuwar kirki ba zai ji haushi ba, ƙara ganin girmanka zai yi. Kuma in wani ya ce ku haɗa baki ku tsayar da farashi ɗaya, tashi ka ba shi wuri. Dokar gasa ta Kamaru ta 1998 ta hana, kuma ko ba doka, wani cikinku zai karya a ɓoye.

Kai za ka fara bayarwa. Lambar mai kwali ɗaya ta isa, ba ta rage ka da komai. Sai ka jira ka ga ko zai rama. Wanda ya karɓa sau biyu bai mayar ba, gaisuwa kawai ta rage tsakaninku.

Da ka dawo gida, kira shi cikin mako guda, kada ka tsaya kan saƙon WhatsApp. Ku fara da abu ƙarami, kamar haɗa kaya a mota ɗaya zuwa Ngaundere ku raba kuɗin haya. A rubuta jarkokin kowa, kowa ya sa alamarsa da fenti, a biya direba gaban juna. In wannan ya tafi lafiya sau biyu ko uku, sai ku yi maganar sarin jarka tare daga Duwala.