Kurakuran da Ke Cinye Lokacin Malamin Aji da Yadda Za a Gyara Su

Kukan da aka fi ji a ɗakin malamai idan zango ya zo ƙarshe shi ne manhaja ta yi yawa, lokaci kuma ya yi kaɗan. Akwai gaskiya a wannan kuka, domin manufar ilimi ta Nijeriya ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare da 40 a sakandare, alhali ajin da ya ninka wannan adadi ba baƙon abu ba ne a makarantun gwamnati na Kano ko Katsina. Cunkoso da faɗin manhajar da hukumar NERDC ke tsarawa ba a hannun malami suke ba. Amma minti 40 ɗin da jadawali ya ba shi a hannunsa suke, kuma a nan ne asarar da ta fi ciwo take faruwa.

Babban kuskuren shi ne mayar da darasi kwafar rubutu. Malami zai shigo ya juya wa ɗalibai baya, ya cika allo, ya jira masu jinkirin hannu su gama, ya goge ya sake cikawa, kafin ya buɗe baki ya yi bayani an kaɗa ƙararrawa. Dalilin wannan ɗabi'a sananne ne: yawancin yara ba su da littattafan karatu, abin da suka kwafa shi kaɗai za su duba ranar jarrabawa. Sai dai yaron da ya kwafi shafi biyu bai fahimci layi ɗaya ba, hannunsa kawai ya gaji. Gyaran shi ne a fara da bayani da misali da tambayoyi, a bar rubutu zuwa minti goma na ƙarshe, a kuma taƙaita shi ga abin da ba makawa sai an adana, kamar ma'ana da ƙa'ida da misali ɗaya da aka warware. Yana da kyau a raba allo gida uku, a keɓe gefe ɗaya ga taƙaitaccen bayanin da ba za a goge ba har a tashi. Idan kuwa rubutun mai tsawo ne, a ba monita ya rubuta shi lokacin hutun tara, ko a buga 'yan kwafi a ba kowane benci ɗaya, wanda kuɗinsa bai kai darajar darasin da za a ceto ba.

Na biyu shi ne sakaci da farkon darasi. Neman alli, jiran a yi shiru, da kiran sunan yara 80 ɗaya bayan ɗaya suna iya cin minti biyar ko fiye. Wanda ke shiga aji ɗaya sau biyar a mako, idan ya rasa minti biyar a kowace shiga, cikin mako goma ya zubar da minti 250, wato sama da darasi shida. Tambaya ɗaya daga darasin jiya da za a rubuta a allo da zarar an shiga tana kwantar da aji fiye da tsawa, kuma yayin da yara ke amsawa shugaban kowane layi zai iya faɗin sunayen waɗanda ba su zo ba.

Sai batun duba aiki, inda malamai masu ƙwazo suka fi faɗawa. Malami ya karɓi littattafai ɗari ya jibge a kan tebur da niyyar duba kowane layi, su yi mako biyu a nan, ranar da aka mayar wa yara sun manta abin da aka tambaye su. Gyaran da ya makara ba ya koyar da kowa. Aikin lissafi da tambayoyi masu gajeriyar amsa, yara su yi musayar littattafai su duba wa juna a aji, malami yana zagayawa. Insha'i da dogon bayani su ne ke buƙatar idonsa, su ma yana iya ɗaukar layi ɗaya ko biyu a kowane mako, ya fitar da kuskuren da ya fi yawa ya gyara wa kowa a allo. Makin gwaji kuma a shigar da shi rajista ranar da aka bayar, don kada a wayi gari a makon jarrabawa ana laluben takardun da suka ɓace.

Kuskuren da ba a cika lura da shi ba shi ne tsara zango kamar duk makonninsa na koyarwa ne. Makon farko yakan tafi a shara da jiran waɗanda ba su dawo ba, na ƙarshe a jarrabawa da haɗa sakamako, ga hutun Sallah, ga wasannin makaranta, ga gajeriyar ranar Juma'a, ga raguwar kuzari a watan azumi da zafin Afrilu. Wanda ya raba darussa a kan mako 12 zai kai ƙarshe yana gudu, kuma batutuwan ƙarshe ne za su sha wahala, ko da su ne WAEC da NECO suka fi tambaya. Ya kamata tun makon farko malami ya ɗauki kalanda ya soke ranakun da ya san ba za a yi karatu ba, ya raba aikinsa a kan abin da ya rage, ya gabatar da batutuwa masu nauyi, sannan ya bar mako guda babu komai domin cike giɓi. Takardar shirin darasi ita ma a rubuta ta da mintuna a gefen kowane mataki, domin wadda aka kwafo daga ta bara don sufeto ya sa hannu ba ta gaya wa malami lokacin da ya kamata ya daina magana ya ba yara aiki.