Shawara ga masu aiki da injin huda na tsaye

'Yan'uwa masu walda da kafintoci, sau da yawa raunin da injin huda na tsaye ke jawowa yana faruwa ne a lokacin da bakin huda ya kusa ɓullewa ta ƙasan ƙarfe, domin a nan yake cijewa, ya fizge ƙarfen daga hannun mai riƙe da shi, ya riƙa juya shi kamar wuƙa. Saboda haka ku ɗaure abin da za ku huda a kan teburin injin da abin matsewa, kuma ku sassauta danna hannun injin idan ramin ya kusa ƙarewa.

Gudun injin ma yana buƙatar lura. Baki mai kauri, kamar na milimita 12, yana buƙatar a mayar da bel kan fulin da ke rage gudu (fuli shi ne faifan da bel ke zagayawa a kansa), a kuma ɗiga mai. Idan ɓarɓashin ƙarfen ya koma shuɗi, zafi ya yi yawa kuma bakin zai dakushe.

Ina roƙonku kada ku sa safar hannu ko riga mai faɗin hannu, kuma ku cire makullin da ake ɗaure bakin da shi kafin ku kunna injin.