Yadda za ka gane hoton leb: na madubin haske ne ko na madubin elektron?

Tun lokacin korona a 2020, da wuya a samu guruf ɗin WhatsApp a Kano da bai ga wani ƙwallo mai launin toka da jajayen ƙayoyi ba, ana cewa ga hoton cutar nan. Wannan ba hoto ba ne, zane ne na kwamfuta, wasu ma'aikata biyu na cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, Alissa Eckert da Dan Higgins, suka yi shi. Ainihin hoton korona fari da baƙi ne, dishi-dishi, babu wani kyan gani a jikinsa. Ɗalibin da ke karatun kimiyyar leb ko likitanci a Jami'ar Bayero, wanda za a ajiye wa hoto a jarrabawa a ce ya faɗi abin da ya gani, shi ya fi kowa buƙatar sanin wannan bambanci. Amma ko kai da ba ka da jarrabawa, zai hana a yi maka rufa-ido.

Kafin a shiga matakai, sai ka san yadda na'urar take aiki, domin duk alamun da za ka nema daga nan suka fito.

Madubin likita na yau da kullum, irin wanda ake gwajin maleriya da shi a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, da haske yake aiki. Haske yana tafiya ne a zango-zango, tsawon kowane zango tsakanin nanomita 400 zuwa 700. Nanomita kuwa, ka raba milimita ɗaya gida miliyan, ka ɗauki kashi guda. Tun 1873 wani Bajamushe, Ernst Abbe, ya nuna cewa haske ba zai iya rarrabe abu biyu da tazararsu ta gaza kusan nanomita 200 ba, komai kyan gilashin. Shi ya sa madubin haske yake tsayawa a ninki 1,000 ko sama kaɗan. Ka ƙara girman hoton yadda ka ga dama, dusu-dusu kawai zai ƙaru. Ƙwayar shan inna nanomita 30 ce, ta ciwon hanta nau'in B nanomita 42. Ka ga ke nan haske ba shi da ta cewa a nan.

A 1924 Louis de Broglie na Faransa ya ce elektron, ɗan mitsitsin abin nan da ke ɗaukar wutar lantarki, shi ma yana tafiya a zango, kuma idan aka ingiza shi da wuta mai ƙarfi zangonsa yana gajarta ƙwarai. Da ƙarfin bolt 100,000, zangon bai kai nanomita 0.004 ba. A 1931 Ernst Ruska da Max Knoll suka haɗa madubin elektron na farko a Berlin, kamfanin Siemens ya fara sayar da shi a ƙarshen shekarun 1930, amma Ruska bai karɓi lambar Nobel ba sai 1986, yana ɗan shekara kusan 80. A cikin na'urar, wani siririn zaren ƙarfe da aka zafafa yana fitar da elektron daga sama, su gangaro ta cikin dogon bututu. Babu gilashi ko ɗaya. Naɗaɗɗun wayoyi masu maganaɗisu ne ke tanƙwara su suna tattara su wuri guda. Kuma dole a zuƙe iskar bututun tas, in ba haka ba elektron su yi ta karo da ita su watse. Riƙe wannan na ƙarshen, zai yi maka amfani: duk abin da aka saka a ciki matacce ne, busasshe ko daskararre.

Iri biyu ne manya, ana kiransu TEM da SEM. Ka tuna mai sayen yadi a Kantin Kwari: wani lokaci ya ɗaga yadin sama ya kalli rana ta cikinsa don ya ga inda saƙa ta yi kauri da inda ta yi shara-shara, wani lokaci ya shimfiɗa shi ya bi samansa da ido. TEM shi ne na farkon, elektron suna ratsa abin su fita ta ƙasa. SEM shi ne na biyun, tsinin elektron yana bin saman abin layi-layi, ana tattara waɗanda suka fallatso a gina hoto da su. SEM bai shiga kasuwa ba sai 1965, daga Kambirij ta Ingila.

Mataki na farko: kar ka fara da kallon ƙwayar, fara da layin ma'auni. A ƙasan hoto na gaskiya, yawanci a kusurwa, akwai ɗan gajeren layi da lamba a kansa, kamar 10 µm ko 100 nm. Alamar nm nanomita ce, µm kuwa maikiromita ce, ɗaya daga cikinta nanomita 1,000 ne. Idan layin ya ce 10 µm ko 20 µm, kana duniyar ƙwayoyin jini da bakteriya. Idan ya ce 100 nm ko 200 nm, ka shiga duniyar bairos, kuma madubin haske ya fita daga lissafi. Ɗalibai da yawa sun fi kama lambar nan ta "x50,000" da ake rubutawa a ƙarƙashin hoto, ni kuwa ban ba ta muhimmanci ba. Lambar ta yi daidai ne ranar da aka buga hoton a girmansa na asali. Da zarar an rage shi a handawut, ko ka buɗa shi da yatsu biyu a waya, ta zama ƙarya. Layin ma'auni kuwa tare da hoton yake girma, tare suke ƙanƙancewa.

Ga yadda za ka yi amfani da shi. Ɗauko rula. A ce layin da aka rubuta wa 100 nm ya ba ka santimita 2, ƙwayar kuma ta ba ka santimita 1.4. Raba 1.4 da 2, ka samu 0.7, ka ninka da 100: nanomita 70 ke nan. Tun ba ka kalli siffarta ba, ka riga ka kori shan inna saboda ta yi ƙanƙanta, ka kori kowace irin bakteriya saboda sun yi girma. Idan hoton babu layi sam, nemi jar ƙwayar jini a ciki. Faɗinta maikiromita 7 zuwa 8 ne, ma'aikatan leb da ita suke kwatanta girman komai.

Mataki na biyu: duba launi, amma da hankali. Elektron ba su da launi, don haka hoton da ya fito daga TEM ko SEM fari da baƙi ne ko da yaushe. Ka ga hoton SEM da ƙwayoyin jini jajaye wur, bakteriya kore shar, to wani ne ya zauna ya shafa musu a kwamfuta don a ji daɗin bambancewa. Launin madubin haske kuwa daga rini yake, kuma kowane rini da sawunsa. Na Giemsa, wanda ake gwajin maleriya da shi, yana fito da ƙwayar kamar ɗan zobe mai shuɗi-shuɗi da jan ɗigo a gefe, a cikin ƙwayar jini. Na Ziehl-Neelsen yana nuna ƙwayoyin tarin fuka a matsayin siraran jajayen sanduna a kan shuɗin fili. Rinin Gram yana raba bakteriya gida biyu, masu shunayya da masu ruwan hoda. Yankan tsoka kuma yawanci ruwan hoda ne da ɗige-ɗigen shuɗi mai duhu. Sai dai kar ka ce duk fari da baƙi na elektron ne. Wanda ya taɓa karatu da handawut ɗin da aka yi wa fotokwafi sau uku a bakin Kabuga ya san launi ba ya tsira. In ka rasa launi, koma kan layin ma'auni.

Mataki na uku gajere ne: tudu da kwari, ko shimfiɗa? Hoton SEM yana da zurfi, kamar za ka kai hannu ka ɗauka. Ƙwayar jini ta fito da lotsawarta a tsakiya, ta mai sikila ta fito a lanƙwashe da tsini biyu, gefuna suna ƙyalli. Dalili shi ne an busar da abin an lulluɓe shi da siririn zinare, samansa kawai ake gani. Hoton TEM a shimfiɗe yake, amma yana nuna ciki.

Mataki na huɗu, idan TEM ne, shi ne ka gane yadda aka shirya samfurin, kuma a nan ne aikin yake. Hanya biyu ce. Ta farko yanka ce. Ana jiƙa tsokar a sinadarin gulutaraldehaid don ta tsaya yadda take, a bi da osmiyam, a cire ruwan jikinta da itanol, a binne ta cikin wata roba mai daskarewa, sannan a yanka da wuƙar daimon ko ta gilashi, kaurin kowane yanki bai wuce nanomita 100 ba. Ana ɗora yankin a kan 'yar ragar jan ƙarfe mai faɗin milimita 3, a rina shi da gishirin yuraniyom da na dalma. Aiki ne na kwanaki. Ƙarafan nan masu nauyi suna tare elektron, don haka duk inda suka maƙale sai ya fito baƙi. A irin wannan hoton za ka ga fatar ƙwayar halitta kamar siririn baƙin layi, ka ga mitokondiriya, wato sashen da ke samar wa ƙwayar ƙarfi, da ninke-ninken cikinta. Da shi likitocin ƙoda suke duba tsokar da aka ɗebo daga ƙodar majiyyaci, su ga inda wasu baƙaƙen tarkace suka taru a jikin matatar. Da shi ne kuma ake ganin ƙananan ƙulle-ƙulle a fatar ƙwayar jinin da maleriya nau'in falsifarum ta shiga, waɗanda suke sa ta manne a jijiyoyin jini, har ta kai ga toshe na ƙwaƙwalwa.

Hanya ta biyu ba a yanka komai. Ana ɗiga ruwan samfurin, misali na gudawa, a kan ragar, a zuba rini mai nauyi ya kewaye ƙwayoyin ya bushe. Nan abin juyawa yake: fili ya yi duhu, bairos ya fito fari-fari a kansa. Ka ga fararen ƙwallaye iri ɗaya a warwatse kan baƙin fili, babu wata tsoka a kusa, to wannan hanyar ce.

Mataki na biyar: yanzu ne za ka kalli siffa, ka haɗa ta da girman da ka auna. Rota, mai sa yara gudawa, kamar taya take da sili-sili, nanomita 70 ko sama kaɗan. Ta madubin elektron Ruth Bishop da abokan aikinta suka gano ta a Melbon ta Ostireliya a 1973. Korona tana kusa da nanomita 100, da ƙayoyi masu kumburarren kai kewaye da ita, kuma June Almeida ce ta fito da hotonta a shekarun 1960. Ebola doguwar igiya ce mai kaurin nanomita 80, sau da yawa da lanƙwasa a kai. Frederick Murphy ya ɗauki hotonta na farko a 1976. Ƙwayar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ba ta da tsayayyen girma, wata babba wata ƙarama, cikinta da ɗige-ɗige kamar an barbaɗa yashi. Ƙanjamau kana gane ta da ƙwayar cikinta mai siffar mazurari. Ciwon hanta nau'in B yana da ɗan tarko: abin da ya fi yawa a hoton ƙananan ƙwallaye ne na nanomita 22 da 'yan sanduna, waɗannan ɓawo ne kawai. Cikakkiyar ƙwayar ita ce mai nanomita 42 da ɓawo biyu, kuma ba ta da yawa a fili.

Idan bidiyo aka turo maka, ana nuna bairos yana iyo yana huda ƙwayar halitta, ka tuna da bututun da babu iska. Zanen kwamfuta ne. Ko sabuwar hanyar daskarar da samfuri cikin tsananin sanyi, wadda ta samo wa mutum uku lambar Nobel a 2017, ba ta nuna abu yana motsi.

Mataki na shida: nemi abin da ba cuta ba ne. Dogayen layuka miƙaƙƙu da suka ratsa hoton TEM sawun wuƙa ne. Baƙin layi mai kauri yawanci ninkewar yanki ne. Baƙaƙen ɗige masu kaifin gefe da suka zauna ko'ina, har inda babu tsoka, rinin dalma ne ya dunƙule. A SEM, wurin da ya yi fari fat da ja-in-ja a gefe alama ce cewa zinaren bai rufe da kyau ba, wuta ta taru. Kuma wannan tarkon ba ɗalibai kaɗai yake kamawa ba. A 2020 an wallafa hotunan tsokar ƙoda da wasu gaɓoɓi ana cewa ga korona a ciki, daga baya ƙwararru suka nuna cewa da yawansu 'yan jakunkuna ne na ƙwayar halittar kanta, masu gashi-gashi a baya. Girma ya yi kusa, siffa ta yi kama, amma babu ɗige-ɗigen da ake gani a cikin korona ta gaskiya idan an yanka ta, kuma ba a cikin irin jakar da take taruwa aka same su ba.

Mataki na ƙarshe shi ne yadda za ka rubuta amsa. Jera ta haka: irin na'ura, irin shiri, girma, siffa, sannan dangin ƙwayar. Misali: TEM, fili mai duhu, nanomita 70, siffar taya, dangin rota. Tsaya a dangi. Korona mai mura da mai COVID-19 kamarsu ɗaya a hoto, gwajin PCR, mai duba ƙwayoyin gadon cutar, shi ne ke raba su. Haka hoton lanƙwasasshiyar ƙwayar jini ba ya maye gurbin gwajin jinotayif da ake yi kafin aure, domin jinin mai AS yawanci lafiya lau yake fitowa a gilashi. Na maleriya kuwa, ɗigon jini a gilashi, rinin Giemsa, ɗigon mai, da ninki 1,000 sun isa a faɗi nau'in ƙwayar da yawanta cikin awa guda ko ƙasa da haka.