Yadda nake koya wa ɗaliban Zariya kalmar briny

Yaron da ya tashi a Tudun Wada ko Ƙofar Doka, babban ruwan da ya sani bai wuce Kubanni da Galma ba. In ya ci karo da briny a darasin Turanci ka ce masa "mai gishiri", rabin amsa ka ba shi. Miyar kuka ma da gishirinta, amma ba a kiranta briny. Kalmar ta gishiri ce mai ƙarfi irin na teku, kuma yawancin yaranmu ba su taɓa ɗanɗana shi ba.

Don haka ka fara da ɗanɗano a harshensu kafin ka taɓa allo. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Ka sayi fiya wata leda ɗaya, rabin lita ke nan, ka juye a kofi, ka zuba gishiri babban cokali ɗaya a shafe, ka dama har ya narke. Kowa ka ɗiga masa kaɗan a tafin hannu ya lasa, ban da sha. Za ka ga fuskoki sun yamutse, wani ya ruga taga ya tofar, wata ta ce, "Malam, wannan ai azaba ce!" A daidai lokacin za ka rubuta kalmar.

Sai ka raba ta biyu: brine da y. Ka nuna musu rain da rainy, salt da salty, su gane cewa wutsiyar ce ke mai da suna sifa, kuma harafin e na ƙarshen brine na faɗuwa. Ka kula da furuci, "buraini" ake cewa. In ka yi sake, kafin a tashi rabin aji sun mai da ita "birni".

Asalinta ba shi da tsawo. Brine tana cikin tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi a Ingila kafin wajen 1150, kuma tana da 'yar'uwa a harshen Holan, brijn. Daga nan manyan ƙamusoshi suka tsaya, don haka kada ka bari wani ya ƙago mata labari. Ita briny sai wajen 1600 ta bayyana, kuma marubuta waƙa sun yi ta siffanta hawaye da ita. Wannan yakan taimaka ƙwarai, don ba yaron da bai san ɗanɗanon hawayensa ba. A ƙarni na 19 Ingilishi suka soma kiran teku kansa the briny cikin raha. Malamin da ke kusa da Samaru ya leƙa ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello ya duba babban ƙamus, shekarun na nan a jere.

Inda na fi daɗewa shi ne raba ta da maƙwabtanta, don a nan ake faɗuwa jarrabawa. Brackish ita ce ruwan zartsi, irin na rijiyar da sabulu ba ya kumfa sosai kuma shayi ba ya daɗi; ta fito daga brak na Holan a ƙarni na 16, kuma ruwan lagun na Legas, inda kogi ke haɗuwa da teku, misalinta ne. Saline ta likitoci ce, daga sal na Latin, ruwan da ake ƙara wa majiyyaci mai gishiri giram 9 a lita. Brine kuwa ruwan gishiri ne mai kauri da ake adana kifi ko nama a ciki.

Aikin gida: kowa ya rubuto jimla huɗu, ɗaya a kan rijiya, ɗaya asibiti, ɗaya kifin gwangwani, ɗaya iskar bakin teku. Wanda ya sa briny a kan rijiyar gidansu ya sake rubutawa.