Yadda Za Ki Gane Aƙiƙ Na Gaske Kafin Ki Biya

Jan dutsen nan da iyayenmu mata ke kira tsakiya, malamai su ce aƙiƙ, shi na fi so in zura a zare, kuma a kansa aka fi cutar masu saye.

In kin shiga kasuwar Kurmi, kada ki fara da ciniki. Ɗauki ƙwaya ɗaya ki ɗora a kumatu. Dutse sanyi gare shi, yakan jima bai ɗauki ɗumin jiki ba. Roba nan take take tona kanta, ga ta sakayau. Gilashi ne mai wuyar sha'ani, sai kin ɗaga shi wajen rana. In kin hangi 'yan kumfa a ciki, ko wani siririn layi a gefe inda bakin mazubi ya haɗu, ajiye. Aƙiƙ jansa ba ɗaya ba ne, wani wuri ya yi duhu, wani ya yi ruwan zuma, wani da farar jijiya. Bakin wuƙa ma ba ya karce shi, amma ki nemi izinin mai kaya tukuna.

Sai ki leƙa hudar, domin ita ke gaya mini garin da dutse ya fito. Da yawa daga tsofaffin duwatsun sun zo ne daga Kambat a jihar Gujarat ta Indiya. Can ake gasa su cikin tukwanen ƙasa har ƙarfen da ke jikinsu ya rina su ja, sannan a huda da hannu, ta wannan kai da wancan. Shi ya sa za ki ga hanyoyin biyu sun haɗu a tsakiya da ɗan karkata. Wannan karkatar nake nema, ba aibi ba ce. A ƙarni na 19 ne garin Idar-Oberstein na Jamus ya shigo kasuwar da dutsen Barazil, yankansa sumul, kusurwa daidai. Shi ma dutse ne na gaske. Lantana kuwa, wata ƙwayar ado ta dutse, daban take: ja ce wadda haske ba ya ratsawa, a da fatake Hausawa ne ke kai dutsenta Ilori a sassaƙa.

Mai kaya zai ce miki yana tsayar da haɓo, yana kare kambun baka. Tsohon zance ne, wataƙila don launinsa na jini, amma ni ba na ƙara ko kwabo a kansa. Abin da ya inganta daga Anas shi ne zoben Manzon Allah (SAW) na azurfa ne, dutsensa na Habasha, kuma wasu malamai sun fassara shi da aƙiƙ.

In kin kawo gida, ki wanke da ruwan ɗumi da sabulu. Bakin tsohuwar huda yana cin zare, saboda haka ki riɓanya zaren, ki ƙulla tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta, ko ya tsinke ɗaya kawai za ta faɗi.