Yadda na shawo kan ɗaurewar tsoka bayan tiyatar haɗe ƙashin baya

Bayan an haɗe mini gaɓoɓin ƙashin baya biyu na wajen ƙugu, L4 da L5, da sukurori a nan Jidda, ciwon da ke sauka ƙafa ya tafi, amma naman bayana ya riƙa ɗaurewa, musamman da asuba idan na yunƙura zan tashi. Ƙarin hutu a gado da man zafi ba su amfana ba, kwanciyar ma ta ƙara sandarar da ni. Maganin ciwo na ibuprofen kuwa likita ya hana, domin yana iya jinkirta haɗuwar ƙashi.

Da hoton ƙashi ya nuna sukurorin suna mazauninsu, sai aka tura ni wurin mai gashin ƙashi, kuma nan aka gano matsalar: ina murɗa ƙugu wajen tashi. Ta koya mini in lanƙwasa gwiwoyi, in mirgina kafaɗa da ƙugu lokaci guda, in sauke ƙafafu, sannan in tura jiki sama da hannu. Ina kwanciya a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ina ɗora ƙyalle mai ɗumi na minti 15 zuwa 20 a gefen da ke ɗaurewa, ba a kan ɗinkin ba, kuma ba na wuce minti 30 a zaune sai na tashi na ɗan taka. Salla a kan kujera nake yi, kuma na karkatar da na'urar sanyaya ɗaki daga bayana, abin da mazauna wannan gari mai zafi sukan raina.

Maganin sassauta tsoka da likita ya rubuta da dare kawai nake sha. Alhamdu lillahi, ɗaurewar ta zama jefi-jefi. Allah ya saka wa mai gashin ƙashin da alheri.