Ka karanta Tarihi a jami'a? Ga yadda za ka nemi aiki da shi

Kar ka tsaya kan koyarwa kaɗai. Abin nan da ka saba yi, ka ɗauko takardu biyu da suka saɓa wa juna ka duba wa ya rubuta, yaushe, me yake ɓoyewa, ai shi ne aikin ɗan jarida mai tantance labari. To a takardar neman aiki kar ka ce "na san tarihi" kawai, rubuta cewa ka yi hira da dattawa, ka tace bayanai, ka fitar da rahoto. Tun kana makaranta nemi aikin sa kai a gidan adana kayan tarihi. Ka koyi Excel, wallahi yana taimako. Aikin lauya kam sai ka ƙaro karatu.